An ƙara mini albashi, amma gidana ya fi shiga ƙunci

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wata ƙaramar hukuma, shekarata 14 ina koyarwa, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. A 2019 albashina naira 41,000 ne, da shi nake riƙe gida har in aika wa mahaifiyata ɗan abin sayen goro. Yanzu bayan ƙarin da aka yi ina karɓar 79,000, amma wallahi kafin goma ga wata ba ni da ko sisi. Man babur kaɗai yana cin 18,000. Mai kanti yana bina 63,000, sannan sau biyu ina cin bashin waya mai ruwa. An yi mini ƙarin girma shekara uku da suka wuce, amma a takarda ya tsaya. Matata ta ji a rediyo an ƙara wa ma'aikata albashi, yanzu tana zargin ɓoye kuɗi nake yi don in ƙara aure, ni kuwa kunya ta hana ni nuna mata alat. Abin da ya fi damuna shi ne na fara barin aji bayan tara a ranakun kasuwa ina fita acaɓa. Yayana ya ce in ajiye allin in zo birni in tsare masa shago. In bar aikin ne ko in ci gaba da haƙuri?

Wani malami

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya warware maka, Ya sa albarka a cikin abin da kake samu.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da na fara tsinta a cikinta shi ne ka soma zargin kanka. Kana ganin kamar hannunka ne ya huje, ko albarka ce ta gudu daga kuɗinka. Don haka mu fara da lissafi, aikin da kai ka fi ni iyawa, ko zuciyarka ta samu ta ɗan nutsu.

A 2019, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000, litar fetur naira 145 ce. Wanda ya karɓi dubu talatin ɗin nan ya nufi gidan mai, zai sayi lita sama da 200. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan sabuwar doka ta naira 70,000, amma kafin shekarar ta ƙare lita ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Ke nan a lokacin sabon albashin lita 70 kacal yake saye. Abu biyu ne suka jawo haka kusan lokaci guda: janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin da ya biyo baya. Dalar da gwamnati ke sayarwa a kan naira ɗari huɗu da sittin da wani abu ta wuce 1,500 a 2024. Duk abin da ake ɗaukowa a mota, da duk abin da ake shigowa da shi daga waje, daga taki har maganin zazzaɓi, sai ya bi su ya hau.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da alƙaluman hauhawar farashi duk wata. A Disambar 2020 kashi 15.75 cikin ɗari ne, a Disambar 2022 ya kai 21.34, a ta 2023 ya zama 28.92, a ta 2024 kuwa 34.80. Na kayan abinci har kashi 40 ya haura a tsakiyar 2024. Shi wannan hawa a kan na bara yake ɗorawa, kamar bulo a kan bulo. In aka haɗa shekaru biyar, daga 2020 zuwa 2024, kayan da ka saya naira 100 a ƙarshen 2019 sun koma kusan naira 280 a ƙarshen 2024. To ɗauki dubu arba'in da ɗayanka ka ninka da haka. Don ka tsaya a inda kake a 2019, ba ci gaba ba koma baya, kamata ya yi a ce tun ƙarshen 2024 kana karɓar wajen naira 115,000. Kai kuwa 79,000 ake ba ka. An ƙara maka a takarda, an rage maka kusan kashi ɗaya cikin uku a kasuwa. Dubi man babur ɗinka ma: a da lita ashirin ta zuwa makaranta ba ta kai naira 3,000 ba, yanzu mai yana lashe kusan rubu'in albashinka kafin a ɗora tukunya.

Za ka ji a rediyo an ce hauhawar farashi ta sauka, misali a Janairun 2025 da hukumar ta sake ma'aunin lissafinta adadin ya koma 24.48. Saukar wannan adadi tana nufin gudun ne ya ragu, motar dai tana kan hawa tudu. Ko a lokutan da hatsi ya ɗan sauko a kasuwa, kuɗin haya da na mota da na magani ba su koma inda suka fito ba. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: idan aka ƙara mafi ƙarancin albashi, na can ƙasa ne ke samun kaso mafi tsoka. Irinku da kuka yi shekaru kuka ɗan hau mataki, gyaran da ake yi muku ba ya kai nasu in aka auna da kashi cikin ɗari. Shi ya sa malami mai shekara 14 a aji yake waiwayawa ya ga tsakaninsa da wanda aka ɗauka jiya tazarar ba ta taka kara ta karya ba.

Na tsawaita a nan ne don in ce maka: lissafinka daidai ne, ba almubazzaranci kake yi ba. Ka sauke wannan nauyin daga wuyanka, domin akwai wani nauyin da naka ne da gaske, kuma zan zo kansa.

Yanzu maganar uwargida. Malam, ka nuna mata alat ɗin nan, in da hali yau da dare. Ba laifinta ba ne da ta yi zargi. Ta ji da kunnenta an ce an ƙara kuɗi, ta ga da idonta kuɗin cefane bai ƙaru ba, kai kuma ka yi gum. Duk macen da aka bari a irin wannan duhu sai ta cike gurbin da abin da ta fi tsoro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shirunka ne tsagar.

Mahaifina ma malamin firamare ne, Allah Ya jiƙansa. A farkon shekarun 1980, lokacin da malamai kan yi watanni ba a biya su ba, ina yaro ƙarami amma ban manta abin da yake yi duk ranar da kuɗi suka fito ba. Bayan sallar isha'i zai shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jawo fitilar ƙwai kusa, ya zazzage ambulan ɗin gaban mahaifiyarmu. Sai ya kasa kuɗin kashi-kashi, ya danne kowane kashi da ɗan dutse don kada iska ta ɗauka: wannan na gero, wannan na kananzir, wannan na mai bashi, wannan na Inna. Sau da yawa duwatsun sun fi kuɗin yawa. A nan ne za ka ji mahaifiyarmu ta ce, "Malam, cire na nama wannan watan, ina da daddawa da kuka." Ban taɓa jin ta tambaye shi ina kuɗi suka tafi ba, domin a gabanta suka tafi. Kuma girmansa bai ragu da ƙwayar zarra a idonta ba. Har ta rasu tana ba da labarin wannan tabarma.

Na san abin da ke ci maka rai. Namiji a ƙasar Hausa yana jin kamar in matarsa ta san iyakar aljihunsa ta san iyakar mutuncinsa. Amma Allah da kansa Ya ce a cikin Suratuɗ Ɗalaƙ mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki kuwa ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Ba a ɗora maka abin da ba ka da shi ba. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, ka ɗauko takarda da biro, ka rubuta 79,000 a sama, ku riƙa cirewa tare. Ka faɗa mata bashin mai kanti, ka faɗa mata na waya, kada ka rage komai. Wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta yi fushin an ɓoye mata, ka jure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a harkar tukunya ita ce mai ɗakin. Za ka sha mamakin abin da za ta iya tsukewa, da ƙaramar sana'ar da wataƙila ta daɗe tana son farawa ta rasa yadda za ta faɗa maka.

Bashin waya kuwa, ka rufe ƙofarsa gaba ɗaya. Ban da haramcin ruwa da ka sani, tsarinsa an gina shi ne don ka ciwo na biyu ka biya na farko, kuma wasunsu in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna aika saƙon cin mutunci. Malamin makaranta ba shi da jarin da ya wuce sunansa a gari. Ka fara biyan wannan kafin kowane bashi, ka goge manhajar. Shi kuma mai kanti kada ka riƙa sauya hanya don ka kauce masa. Ka je ka same shi, ku yanka abin da za ka iya ba shi duk wata, ko dubu biyar ne, ka roƙe shi ya rufe tsohon shafi, sabon saye kuma ya zama kuɗi hannu. Mai kanti yana haƙuri da wanda yake gani, wanda ya ɓace masa ne yake kaiwa ƙara gun mai unguwa. Idan malaman makarantarku suna adashi, ka nemi ɗauka ta faɗo maka a kaka, tsakanin Oktoba da Disamba, lokacin da masara da gero da wake suka fi araha, ka sayi na ci ka ajiye. Waken ka zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, ba ya buƙatar magani kuma ƙwari ba sa cin sa. Gidan da ke da hatsi a ɗaka, tsadar damina ba ta kayar da shi.

To, ga nauyin da na ce naka ne. Barin aji bayan tara. Ba zan yi maka kara a nan ba, domin kai ma da kanka ka ce shi ya fi damunka, kuma wannan damuwar alama ce ta zuciyarka tana raye. Ka daina, Malam, daga wannan makon.

Ka san yadda ajin yake kasancewa bayan ka tada babur. Ka bar musu ba, bi, bu, be, bo a allo, ka miƙa wa monita tsumagiya. Minti goma na farko suna rerawa, daga nan sai wasa, sai faɗa, sai wasu su tsallake taga su bi ka kasuwar. Yarinyar nan da ke zama a layin baya, wadda uwarta ta sha gori kafin ta sauke mata farantin talla ta turo ta boko, za ta koma gida ba ta ƙaru da komai ba. Ranar da uwar ta gane haka, farantin zai koma kanta, kuma da wuya ta sake dawowa. Waɗannan yara ba su suka janye tallafin mai ba, ba su suka riƙe maka kuɗin ƙarin girma ba. 'Ya'yan talakawa ne irinka, iyayensu ba su da kuɗin makarantar kuɗi, kai ne kaɗai abin da suke da shi. An zalunce ka, gaskiya ne, amma in ka rama a kansu ka zama ka ɗauko dukan da aka yi maka ka sauke a kan wanda ya fi ka rauni. Ban da haka, ranar da masu duba makarantu suka faɗo ba ka nan, hujja ka ba su a kanka, kuma duk ƙorafin da ka kai daga baya za a ce ai wannan ba ya ma zaman aji.

Acaɓar kanta ba abin kunya ba ce, neman halal ne. Lokacinta kawai za ka gyara. Ana tashi makaranta wajen azahar, kasuwar ƙauye kuwa sai la'asar take cika, kuma masu komawa gida da kaya da yamma su ne suka fi biya. Daga ƙarfe biyu zuwa magariba naka ne, Asabar da Lahadi naka ne, hutu naka ne. Sannan kana da abin sayarwa da ɗan acaɓa ba shi da shi. A kowane gari akwai iyayen da ke neman wanda zai zaunar da yaransu ya koya musu karatu da lissafi da yamma, musamman masu shirin jarrabawar shiga sakandare. Yara goma a zaurenka, kwana uku a mako, a kan kuɗi kaɗan da kowa zai iya biya, ba mai ba gyaran taya. Sharaɗi ɗaya: kada ka rage abin da kake koyarwa da safe don a biyo ka da yamma, kuma kada maki ya shiga cikin cinikin.

Batun ƙarin girman da ya tsaya a takarda, kada ka bar shi a hirar gindin bishiya. Haƙƙinka ne, kuma haƙƙi a aikin gwamnati da takarda ake bin sa. Ka rubuta wasiƙa zuwa ga sakataren ilimi ta hannun hedimasta, ka haɗa da kwafin takardar ƙarin girman da bayanin asusunka na banki, ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ka nemi cikakken bayanin abin da ake cirewa daga albashinka, layi-layi. Ka duba ko alawus ɗin malamai na kashi 27.5, wanda ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta samo daga gwamnoni bayan yajin aikin 2008, yana cikin abin da ake ba ka. Kuma kada ka tafi kai kaɗai. Na tabbata a ƙaramar hukumarku akwai gommai masu irin matsalarka. Ku haɗa sunaye ku kai wa shugaban NUT na reshenku, tunda duk wata ana cire muku kuɗin ƙungiya, ku ce ya yi muku jagora.

Ina faɗa maka haka ne don tarihi ya nuna malamin firamare shi ne na ƙarshe a layi. Albashinsa daga kason ƙananan hukumomi yake fita, shi ya sa a jihohi da dama ma'aikatan jiha suka fara karɓar sabon albashi shi yana jira. Ko a Abuja, malaman firamare na ƙananan hukumomi shida sai da suka yi sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan naira 70,000, yara suka yi asarar kusan zango guda. Alƙawari kuwa an sha yi. Ranar 5 ga Oktoban 2020, Ranar Malamai ta Duniya, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai tare da ƙara musu shekarun aiki. Na shekarun ya zama doka a 2022, ritaya a shekara 65 ko bayan shekara 40 ana aiki. Na kuɗin kuwa kai shaida ne bai iso aljihunka ba. Wannan abu yana ƙona mini rai, a ce wanda ya koya wa likita da alƙali da gwamna riƙe fensir shi ne ke ɓuya wa mai kanti. Sabuwar doka ta ce a riƙa duba mafi ƙarancin albashi duk shekara uku maimakon biyar. Ku malamai ku matsa wa shugabanninku tun yanzu su nemi a ɗaure ƙarin da hauhawar farashi, a kuma sa malaman firamare cikin biyan farko, domin ƙarin da ke zuwa bayan kasuwa ta riga ta yi nisa, cike rami kawai yake yi.

Saura tambayarka ta ƙarshe, tayin Yaya. Ba zan ce maka barin koyarwa laifi ba ne. Wanda ya yi shekara 14 yana shaƙar ƙurar alli ya sauke nasa, kuma ciyar da iyalinka wajibi ne a kanka. Amma kada ka ajiye aiki cikin fushi da yunwa, ba su iya ba da shawara ba. Tsadar da ta cinye albashinka ta shiga shagon Yaya ma: kaya suna tashi, masu saye suna raguwa, jari yana narkewa. Albashinka ƙarami ne amma yana zuwa, yana kuma ɗauke da fansho da ka yi shekaru kana tarawa. Kafin ka yanke hukunci ka je ofishin fansho ka ji abin da za ka samu da abin da za ka rasa in ka fita yanzu, ka kuma tambaya ko za a ba ka hutu ba tare da albashi ba na ɗan lokaci, don ƙofa ta zauna a buɗe.

Abin da na fi so ka yi shi ne ka gwada kafin ka saya. Dogon hutun ƙarshen shekarar karatu yana nan tafe. Ka je ka zauna a shagon mako biyar ko shida, ka ga cinikin da idonka, ka ƙiyasta kuɗin haya da na makarantar yara in ka kwaso iyali zuwa birni. Ka tambayi Yaya a fili, cikin ladabi: albashi zai yanka maka ko kaso a riba, nawa, kuma yaushe? A rubuta, a sa shaidu. Kada kunyar 'yan'uwantaka ta hana ka, domin zumunci da yawa a kan rashin wannan tambayar ya lalace, kuma yaron shago a wurin ɗan'uwa ba shi da ƙungiyar da zai kai wa kuka. In bayan hutun lissafi ya nuna shagon zai riƙe gidanka fiye da aji, ka rubuta takardar ajiye aiki yadda doka ta tsara, ka ƙarasa wa yaranka zangonsu, ka miƙa rajista ga wanda zai gaje ka, ka fita da mutuncinka. In kuma bai nuna ba, ka dawo ajinka da kwanciyar hankali, ka san ka duba.

Ka ba wannan tsari zango ɗaya. Idan an yi hutu ka sake rubuto mini, ka faɗa mini nawa ya rage a littafin mai kanti, me ofishin ilimi suka ce game da takardarka, da kuma abin da uwargida ta ce a daren da ka nuna mata alat. Ka gaishe ta, ka gaida Inna.